Tabawa da Jagaban da Ya Gudu

Da sunan Allah nake farawa, Wanda Ya shimfiɗa ƙasa Ya tsaga hanyoyi a cikinta, Ya sa wa kowace hanya iyaka, Ya ɓoye wa matafiyi abin da ke jiransa a ƙarshenta. Bayan haka, ya ku jama'a, ku gyara zama ku ba ni aron kunnuwanku. Ni ce Tabawa 'yar Madugu Anaruwa, mutuniyar Kurmazau, birni mai ƙofa bakwai da ke bakin Hamadar Tanzaru. Abin da zan faɗa muku da ƙafata na taka shi, da idona na gan shi, kuma ba zan gyara wa kaina hali a cikinsa ba.

A zamanin Sarki Gagare na Biyu, ubana ne madugun gishiri na birninmu. Duk shekara yakan ja ayarin raƙuma ya ƙetare hamada zuwa ramukan gishiri ya dawo. Jagabansa, wato mai shiga gaba yana duba hanya da rijiyoyi, wani saurayi ne mai suna Cindo, dogo, mai tabo a girar hagu. Na fara ganinsa ne a ƙofar gidanmu yana lallashin wani raƙumi mai taurin kai kamar mai lallashin jariri. Na yi dariya, ya ɗago ya ji kunya. Ni na zaɓe shi da kaina, ubana ya ba shi ni da farin ciki. Muka yi shekara biyu ko musu bai taɓa haɗa mu ba.

A shekara ta uku ayari ya tafi, mutum biyu kaɗai suka dawo, leɓunansu a tsattsage. A gaban Sarki suka ba da labari. Rijiyar da aka dogara da ita sun tarar ta ƙafe. Madugu ya tattara salkuna duka, ya ɗora wa raƙuma uku mafiya ƙarfi, ya aiki Cindo wata rijiya mai nisan yini guda. Aka jira shi, bai dawo ba. Mutum talatin da tara ƙishirwa ta kashe, har da ubana. Daga baya wasu makiyaya suka rantse sun ga Cindo da ransa, yana jan raƙuman nan uku ya nufi gabas.

Tun daga ranar na zama matar wanda ya gudu. In na je rijiya mata su yi shiru. Wata da ta rasa miji da ɗa a ayarin ta tofa mini yawu a tsakiyar kasuwa, ban iya ko ɗaga ido ba. Shekara huɗu ina haɗiye wannan baƙin ciki har alƙali ya raba auren. Manema suka fara zuwa, na kore su duka. Wata safiya na ɗauki wuƙar ubana da jakar kanwa da gishiri na guzuri.

Innata ta tare ni a zaure ta ce, "In kin same shi, sai ki yi me?"

Na ce, "Sai ya faɗa mini da bakinsa abin da ya yi, sannan in yanka shi."

Ta ce, "Na rasa miji, yanzu kuma ki sa in rasa 'ya."

Na durƙusa na nemi gafararta, amma ban fasa ba.

Na bi fatake wata biyar muna nausawa gabas, har muka iso Gulbin Zarnaƙi, wanda ba a hango gaɓarsa ta can. Mutanen wannan gulbi dorina suke hawa kamar yadda ake hawan doki, da linzami da sirdin kaba. Da suka caje kayana suka ga wuƙa a jikin mace mai tafiya ba miji ba ɗan'uwa, sai suka ce 'yar leƙen asiri ce. Sarkin Ruwansu, wani ƙaton mutum mai farin gemu, ya tambaye ni inda na nufa. Da na yi magana da ladabi da ya sake ni, amma fushi ne ke riƙe da harshena. Na ce masa inda na nufa ba ruwansa. Ya ce to ruwa zai zama ruwana.

Suka kai ni wani tsibirin yashi a tsakiyar gulbi, suka ɗaure hannuwana ta baya a jikin turke da igiyar rama, suka rataya mini jakata a wuya suka tafi. A al'adarsu, in ruwan la'asar ya taso ya ci mutum, mai laifi ne. Rana ta take, ruwa ya fara lasar yatsun ƙafata. Sai na ga wata 'yar dorina ta fito tana shinshina jakar. Ni 'yar madugu ce, na san babu dabbar da ke iya kawar da kai daga kanwa. Na cije bakin jakar da haƙora na jijjiga ta ta bayan kafaɗata, kanwa ta zube kan igiyar, ruwa ya jiƙa ta. Dorinar ta zagayo ta fara lasa, daga lasa ta koma tauna. Ina jin hucinta a wuyan hannuna, ina jiran haƙorin da zai tafi da yatsuna. Igiya ta tsinke. Na kama kunnenta na haye bayanta, ta firgita ta yi iyo da ni har gaɓar da uwarta take, a gaban Sarkin Ruwa da jama'arsa.

Sarkin Ruwa ya yi dariya har ya dafe ciki. Ya mayar mini da wuƙata, ya ce yanzu in faɗa masa. Na kwatanta masa mutum mai tabo a gira.

Ya ce, "Na tuna shi. Ya bar mana raƙuma uku kyauta, ya ce ba nasa ba ne. Ya ƙetare ya nufi Jandutse. Mene ne shi a wurinki?"

Na ce, "Wanda ya kashe ubana."

Suka ƙetarar da ni.

Jandutse birni ne da aka sassaƙa a cikin jan dutse guda, gidaje hawa kan hawa, tituna kamar matakala, ƙofar fita kuma ɗaya tak. Na sauka wurin wata tsohuwa mai marina, sunanta Iya Marka. Tun a ranar farko na sami labarinsa. Ya yi shekara biyu yana ga-ruwa a birnin, yana hawa da tuluna har gidajen sama, kuma ba ya karɓar komai daga gajiyayyu. Iya Marka ta ce an yi masa tayin aure sau uku, ya ce yana da mata.

Na ce, "Ashe ya san yana da mata. Ya san yana da mata, ya bar ta ana tofa mata yawu."

Na fita kasuwa ina huci. A rumfar wani mai sayar da tukwane na sake tambaya, wani saurayi mai babbar riga ya tsoma baki ya ce, "Ai Cindo waliyyi ne. Albarkarsa ce ta sa rijiyarmu ba ta ƙafewa." Ban san lokacin da na ɗauki tukunya na fasa masa a ka ba. Ashe ɗan Sarkin Ƙofa ne. Kafin in kai marina an yi shela cewa a kama baƙuwa mai jaka a wuya, hukuncinta a jefo ta daga saman dutse.

Iya Marka ta ja ni bayan karofi tana faɗa. "Ke wace irin yarinya ce? Zuciyarki za ta kashe ki kafin ki kashe kowa." Tana faɗan ne idona ya faɗa kan wasu mata uku da ke wucewa, fuskokinsu da hannuwansu shuɗi fes, maza suna kauce musu suna sunkuyar da kai. Na tambaye ta. Ta ce masu makoki ne, a Jandutse wanda aka yi wa rasuwa yakan rina jikinsa da baba, kuma haramun ne a dubi fuskarsa ko a tare masa hanya. Ban jira ta gama ba, na faɗa ramin rini har wuya, na tsoma kaina.

Ta ce, "Wannan yaudara ce."

Na ce, "Babu yaudara, Iya. Na fi su daɗewa ina makoki."

Ta girgiza kai, ta yafa mini tsohon zanenta, ta raɗa mini cewa Cindo ya tafi Filin Madubi yana haƙar rijiyoyi. Na bi ta tsakiyar dogarai goma sha biyu a bakin ƙofa, baba yana ɗiga daga gashina, kowannensu idonsa a ƙasa.

Filin Madubi fili ne na farin gishiri mai ƙyalli, sama a samanka, sama a ƙarƙashinka, har mutum ya rasa inda yake takawa. Babu ayarin da ya yarda ya ɗauke ni, sai wani tsoho mai tallar allura da kwalli, Baba Jatau, shi da jakinsa. Ido ɗaya gare shi, ga surutu. Kwana tara muna tafe, yana raba dabinonsa biyu yana ba ni babban kaso. Na ba shi labarina, na ce masa duk wanda ya gudu ya bar mutanensa bai cancanci numfashi ba. Ya ce, "To, 'yata," ya ci gaba da tauna.

A rana ta goma da hantsi mahara suka fito mana. Jiminu suke hawa, kowace ta fi raƙumi tsawo, ƙafafunsu na fasa gishiri kamar ana daka. Ina so in ce muku na zare wuƙa na tsaya. Ban tsaya ba. Ƙafafuna suka ɗauke ni kafin in yi shawara da su. Na faɗa wani tsagin dutse na dunƙule, na toshe bakina da zane. Ina jin Baba Jatau yana kira, "Tabawa. Tabawa." Ina jin ana dukansa. Wuƙar ubana tana ƙuguna, hannuna ya ƙi motsi. Maharan suka tafi tun kafin azahar, ni kuwa ban fito ba sai da la'asar, don duk iskar da ta kaɗa sai in ji kamar su ne.

Na same shi kwance, ƙafarsa a karye, kayansa sun tafi, jakin kawai suka bari don gurguwar ƙafa gare shi. Na ɗora shi a kan jakin ba tare da na iya duban idonsa ba. Muka yi ta tafiya har na hango bukka da bakin rijiya, da wani mutum yana jan guga.

Ya rame, furfura ta fito masa, amma tabon yana nan. Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa kiran sunansa ba. Ran nan na kira shi.

"Cindo."

Gugan ya suɓuce masa ya koma rijiya. Ya dube ni, sauran baba bai gama fita daga fuskata ba, ya dubi tsohon. Ya sauke Baba Jatau ya fara gyara masa ƙashi. Na tsaya a kansa na ce ya faɗa mini, kada ya rage komai.

Ya ce, "Na sami ruwan. Na cika salkuna duka. A hanyar dawowa na hango ƙura tsakanina da ayari, na ce mahara ne. Na shiga wani kogo da raƙuman, na ce in jira la'asar. La'asar ta yi, na ce gobe. Kwana uku ina cikin kogon, ruwansu yana gefena, ina sha. Da na fito na duba ƙasa, babu sawun doki ko ɗaya. Guguwa ce kawai."

Na ce, "Guguwa."

Ya ce, "Guguwa. Na tarar da su duka sun cika. Na binne su. Na kasa dawowa in dubi fuskarki."

"Fuskata? Ka san abin da fuskar nan ta gani? Kai kana can ana kiranka waliyyi, ni ina ɗauke da laifinka daga rijiya zuwa kasuwa. Ubana ya ba ka 'yarsa, ya ba ka ruwan mutanensa, ka zauna kana sha. Sannan ka sake gudu karo na biyu, ka ce kunya ce. Ba kunya ba ce, tsoro ne, shi ne dai bai sake ka ba."

Ya ce, "Gaskiya ne."

Da ya yi musu da na ji sanyi. Na zare wuƙar. Bai ja da baya ba. Sai Baba Jatau ya yi nishi ya ce, "'Yata, in za ki yanka shi, ki bari ya gama ɗaure mini ƙafa."

Na jefar da wuƙar, na fita bayan bukka na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da aka kawo labarin ubana.

Muka zauna wata guda ana jinyar tsoho. Ban ci abincin Cindo ba, ban amsa gaisuwarsa ba. Wata rana ina ba Baba Jatau kunu ya ce, "Sau bakwai na kira ki." Ya ce, "Ba don ki ji kunya na faɗa ba. Ai kin fito daga baya, kin ɗauke ni."

Na ce, "Ni rabin yini na yi, Baba. Shi kwana uku."

Ya ce, "Haka ne." Ya miƙo mini ƙwaryar. Na so ya ƙara wani abu in sami abin faɗa da shi, bai ƙara ba.

Cindo yana haƙa sabuwar rijiya a gefen tsohuwar. Wata safiya na ji ƙara kamar rugugin hadari, ƙura ta turnuƙe bakin ramin. Na ruga na leƙa. Gefe guda ya rufta, ƙasa ta binne shi har ƙirji, sauran tana zubowa kaɗan kaɗan. Babu kowa a filin nan sai ni da tsoho mai karaya da gurgun jaki. Ya ɗago ya gan ni.

Ya ce, "Ja da baya, Tabawa, bakin zai tafi da ke. Ki bar ni. Haka ma ya dace."

Wannan magana ta fi duk abin da ya taɓa yi ƙona mini rai. Na ce, "Ka mutu a nan ka huta? Ka sake gudu? Wallahi ba ka isa ba." Na jefa masa igiya na ce ya ɗaura a hammatarsa. Na ɗaura ɗaya bakin a jikin jaki, na naɗe tsakiyar a hannuwana. Baba Jatau ya jawo jiki da gwiwar hannu yana dukan jakin da sanda. Ina ja ina zaginsa, na kira shi matsoraci, na kira shi maci amana, igiya tana sale mini fatar tafi, jini yana bin ta. Ban san tsawon lokacin ba. Sa'ad da kansa ya iso bakin ramin na kama wuyan rigarsa na finciko shi, muka faɗi tare, ramin ya rufe a bayanmu.

Da numfashina ya dawo na ce, "Za ka bi ni Kurmazau. Gidajen mutum talatin da tara. Za ka shiga kowanne ka faɗa musu abin da ka faɗa mini, har da ruwan da ka sha."

Ya daɗe yana duban hannuwana. Ya ce, "To."

Muka kai Baba Jatau garinsu, muka zagaye Jandutse ta arewa, muka yi wata takwas a hanya. Yana gaba ina baya, don ban yarda ba zai juya ba. Bai juya ba. A wata na huɗu na fara cin abin da ya dafa. A wata na shida ya faɗi wani abu game da jaki, na yi dariya, na kuma ji haushin kaina yini guda.

Sarki Gagare ya ji bayaninsa, ya ce hukuncin yana hannun iyalan mamatan. Cindo ya fara bin gidaje, ina tsaye a ƙofar kowanne. A gida na uku aka karya masa hannu da taɓarya, ya ɗaure ya shiga na huɗu. Wasu suka rufe ƙofa. Matar da ta tofa mini yawu ta tambaye shi ko ɗanta da mijinta wuri ɗaya suke, ya ce kafaɗa da kafaɗa ya kwantar da su, a gindin wani baƙin dutse. Ta rufe fuska ta ce ya je, ta bar shi da Allah. Gida goma sha ɗaya ba su yafe ba, har yau ba sa amsa sallamarsa, kuma ban ga laifinsu ba. Amma babu wanda ya nemi jininsa.

Gidanmu ne na ƙarshe. Ya durƙusa a zaure, Inna tana bayan asabari. Ya faɗi komai.

Ta ce, "Ka juya fuskarsa alƙibla?"

"Na juya, Inna."

"Ka yi masa salla?"

"Na yi wa kowannensu, ɗaya bayan ɗaya."

"Tashi ka fita."

Ya fita, ya tare a wata rumfa a bakin ganuwa. Kwana uku Inna ba ta yi wa kowa magana ba. A rana ta huɗu ta tuƙa tuwo, ta zuba a akushin da ubana yake ci, ta miƙo mini.

Ta ce, "Kai masa. Mai karyayyen hannu ba ya iya tuƙi. Kada ki ce ni na bayar."

Na same shi zaune a inuwar ganuwa. Ya dubi akushin, ya gane shi. Na zauna nesa kaɗan har ya gama.

Na ce, "Ban manta ba, kuma ba zan manta ba."

Ya ce, "Ban roƙi haka ba."

Na ce, "In kaka ta yi, ka turo manyanka. In kuma tsoro ya sake kama ka, ka faɗa mini da baki, mu ji tsoron tare. Amma ka ƙara ɓacewa, zan nemo ka, kuma ka san zan same ka."

Bayan girbi aka sake ɗaura mana aure, ba kiɗa ba taro, shaidu biyar. Yau shekara goma sha tara ke nan, 'ya'yanmu uku. Har yanzu akwai safiyar da nake tashi in dube shi in ji ƙirjina ya ɗauki zafi kamar ranar farko. Yakan gane. Ba ya ba ni haƙuri, ba ya kuma fita. Sai ya jawo tabarma ya zauna inda zan riƙa ganinsa, har zafin ya wuce mini.

Nan hikayata ta tsaya. Wanda ya ji ta ya amfana, ya gode wa Allah. Wanda bai amfana ba, ya yi wa mutum talatin da tara na Tanzaru addu'a, ya isa.